Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa Kan Majinyatan Da Aka Ce A Koma Da Su Gida

Zuwa ga Masu Girma Kwamishinonin Lafiya na jihohin Arewa 19,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma a ɗakunan kwantar da marasa lafiya na ƙarar da ƙuruciyata. Na rubuto muku ne a kan wasu mutane da ba su da gurbi a kasafin kuɗinku, ba sa kuma fitowa a rahoton da ake ajiye muku a tebur duk ƙarshen wata. Su ne majinyatan da likita yake gama dubawa ya ja miji ko babban ɗa gefe ya ce, "Ku koma da shi gida, sai dai addu'a." Daga ranar asibiti ya zare hannunsa. An rubuta sallama, an ba wani gadon, fayil ya koma ma'ajiya. To amma mutumin nan yana da sauran kwana. Wani zai yi mako biyu, wani wata uku, wani ya haura shekara, kuma a cikin kwanakin nan ne zai ɗanɗani azabar da bai taɓa sani ba tun da uwarsa ta haife shi.

Allah Ya tsare ni da raina addu'a. Abin da zuciyata ta ƙi shi ne mu ma'aikatan lafiya mu fake da ita mu janye jiki, alhali akwai aiki jibge a gabanmu wanda mun san yadda ake yin sa, kuma bai kai kuɗin kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman ba. Ciwon da ba ya warkewa ana iya kashe masa zogi. Ana iya tsayar da amai, a kawar da wari, a hana fatar baya ɓarkewa, a sa mutum ya yi barci da dare, ya tashi ya yi sallarsa ko da a kwance, ya gana da iyalinsa da hankalinsa a jikinsa. Wannan ita ce jinyar sassauci, kuma mafi yawanta aikin nas ne.

Mutanen ba kaɗan ba ne, ranku ya daɗe. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya nuna kusan mutum dubu 80 ne sankara ke kashewa a Najeriya a shekara guda, kuma duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya san yawancin masu sankarar mama da ta bakin mahaifa ba sa zuwa sai abin ya ci jiki. Ku ɗora masu ciwon hanta da cikinsu ya cika da ruwa, da masu ciwon ƙoda da kuɗin wankin ƙoda ya gagari danginsu, irin waɗanda mutanen Gashuwa da kewayenta suka daɗe suna binnewa, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da masu ciwon zuciyar da ba sa iya kwanciya sai a jingine, da masu cuta mai karya garkuwar jiki da suka makara, da tsofaffin da jiki ya gaji kawai. Babu unguwar da za ku shiga a Kano ko Gusau ko Yola ku rasa gidan da ake irin wannan jinya a yau ɗin nan.

Ɗakin da ake kai shi ma kun san shi. Katifa a ƙasa, leda a ƙarƙashin zani, baho da buta a gefe, kaskon turaren wuta ba ya mutuwa don a danne wari kafin 'yan dubiya su shigo. Mai jinyar kuwa kusan kullum mace ce: matarsa, ko 'yarsa da aka ɗauko daga ɗakin mijinta, ko ƙanwa bazawara, ko yarinya 'yar sakandare da aka ce ta dakata da makaranta tukuna. Babu wanda ya nuna mata yadda ake juya babban mutum ba tare da ƙugunta ya riƙe ba, babu wanda ya ba ta safar hannu, babu lambar da za ta kira ƙarfe biyun dare idan ya fara ihu. Ita ce nas, ita ce mai wanki, ita ce mai dama kunu, kuma idan gyambo ya fito masa a baya ita dangi za su ce ba ta kula.

Bari in tsaya a kan zogi, don shi ne uwar matsalar. Mu mutane ne masu dauriya da kunya. Tambayi dattijon da sankara ta shiga ƙashin bayansa yaya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi, alhali ya damƙe bakin katifa gumi na tsiyaya daga goshinsa. Nas ɗin da aka horar ba ta tsayawa a wannan amsar. Za ta ɗaga hannunta ta ce, "Baba, idan dunƙulallen hannu babu ciwo ne, yatsu biyar kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba, yatsu nawa ne yanzu?" Za ta tambaya ko yana hana shi barci, ko kamar suka yake ji ko kamar ƙuna ko kamar wutar lantarki ke bin ƙafarsa, domin kowanne da maganinsa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa: a ba da maganin ta baki, a ba da shi bisa agogo ba sai ciwon ya taso ba, a fara da farasitamol da ire-irensa, in bai yi ba a hau sama har a kai ga mofin, wato maganin kashe zogi mai ƙarfi. Ruwan mofin na sha, ɗan kaɗan duk bayan awa huɗu, ana ƙarawa a hankali har a kai inda ciwon ya kwanta mutum kuma yana cikin hayyacinsa. Garinsa ba shi da tsada, haɗa shi kuma bai wuce ruwa mai tsabta da sinadarin hana lalacewa da ma'auni mai kyau ba.

Me muke yi a maimakon haka? Ana kiran yaron kemis ya zo ya yi allurar fentazosin, ta yi aiki awa biyu ko uku ta sake shi, a sake kira, har cinyoyi da ɗuwawu su taurare su zama ƙurji, ga shi kuma maganin yana da iyakar da ba ya wucewa komai yawan da aka ɗura. Ana ɗirka wa mutum dikilofenak safe da yamma har cikinsa ya fara zubar da jini ko ƙodarsa ta tsaya. Wasu su koma kan taramol ɗin bayan fage mai ƙarfin da hukuma ba ta amince da shi ba. Dangi suna kashe kuɗin da ya ninka na mofin sau da yawa, majinyaci kuma yana nan yana murƙususu. Wani babban kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2017, inda ya nuna cewa magungunan kashe zogi masu ƙarfi da ke isa ga majinyata a Najeriya ba su kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake buƙata ba. Da maganin zazzaɓin cizon sauro ne ya yi wannan ƙaranci, da tuni an kira taron gaggawa.

Na san abin da ke ranku, domin ni ma uwa ce kuma a Arewar nan nake zaune. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa samarinmu da matan aurenmu. Mun ga yadda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 bayan binciken da BBC ta yi, kuma na goyi bayan matakin. Sai dai tsoron ya tsallake inda ya kamata ya tsaya, ya shiga cikin asibiti. Likita yana jin nauyin rubuta mofin, mai harhaɗa magunguna ba ya son ajiye shi don gudun tambayoyin jami'an NDLEA da cika takardu, shugaban asibiti yana ganin rashinsa ya fi masa kwanciyar hankali. An hana mai ƙishirwa ruwa saboda wani ya nutse a kogi. Yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda a kanta dokokinmu suka dogara, ita da kanta ta ce amfani da waɗannan magunguna don rage raɗaɗi abu ne da ba makawa, kuma wajibi ne ƙasashe su tanade su. Nauyi biyu ta ɗora mana, mun ɗauki ɗaya mun yar da ɗaya. Kodin ɗin da ya lalata mana yara a kasuwa da shagunan da ba su da rajista aka sayar da shi katan-katan. Kwalbar mofin da ke fitowa daga kabad mai makulli, da sunan majinyaci a jiki, da littafin da ake rubuta kowane digo, hanyarta daban ce.

Su ma dangi da nasu tsoron. Da sun ji an ambaci mofin sai su ɗauka an zo ƙarasa musu majinyaci ne. Dalili shi ne a asibitocinmu ba a fito da shi sai mutum yana gargara, ya cika bayan awa kaɗan, sai a ce allurar ce. Idan aka fara shi da wuri, da ɗan kaɗan, ana lura, ba ya gajarta kwana. Na ga mata da suka yi watanni a kansa suna tashi suna tsefe wa 'ya'yansu kai. Abin da yake jawowa ba fashi shi ne taurin bayan gida, don haka ba a ba da shi sai tare da maganin sassauta ciki tun ranar farko, sai ɗan gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko waɗanda ke wucewa. Wannan bayani na minti goma ne, amma sai an sami wanda ya sani kuma ya zauna ya yi shi da harshen da mutane ke ji.

Ba sai mun duba Ingila ba, inda Cicely Saunders, wadda ita ma da aikin nas ta fara, ta buɗe gidan jinyar masu cutar ajali na St Christopher's a Landan a 1967. Mu dubi Yuganda, da ba ta fi mu arziki ba. A 1993 Dakta Anne Merriman, likitar da ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda, suka fara haɗa ruwan mofin da hannu suna ɗurawa a robobin ruwan sha da aka wanke, suna rina shi da launi daban-daban gwargwadon ƙarfinsa don ko wanda bai yi boko ba kada ya rikice. Da suka ga likitoci ba za su taɓa isa ƙauyuka ba, a 2004 gwamnati ta gyara doka ta ba nas-nas da jami'an lafiyar da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin da kansu. Majinyaci kuma kyauta yake karɓa. Fiye da shekara ashirin ke nan ana haka.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen jinyar sassauci a 2007 bisa jajircewar Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta. Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a 2014 cewa wannan jinya ɓangare ce ta kiwon lafiya tun daga matakin farko. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan haka a 2021. Takardu sun cika. Amma manyan asibitocin jiha, da makarantun koyon aikin jinya na jiha, da hukumomin kula da lafiya a matakin farko, duk a hannunku suke. Matar da ke kwance a wani ƙauye a Birnin Kudu ko Illela ko Biu ba za ta taɓa ganin asibitin koyarwa ba, kuma ba daga Abuja za a zo a juya ta ba.

Ina so ku ga abin da ziyarar nas guda ɗaya take canzawa a irin wannan gida, don kada ku ɗauka maganar na'urori ce ko sabon gini. Mace mai sankarar mama da ta fashe, warin ya kori kowa, har 'ya'yanta ba sa shiga ɗakin, mijin ya koma kwana a zaure, ita kuma kunya ta fi ciwon cin ranta. Nas za ta wanke gyambon da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, ta daka ƙwayar Flagyl ta barbaɗa a kai, ta rufe da tsumma mai tsabta. Cikin kwana biyu ko uku warin ya ja baya, mutane sun dawo suna zama kusa da ita. Kuɗin wannan bai kai na katin waya ba. Wanda ya daɗe a kwance, za ta nuna wa mai jinya yadda ake amfani da zanin gado mutum biyu su juya shi duk bayan awa biyu, inda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin dugadugai, yadda ake duba ƙugu da kafaɗa kullum a ga ko fata ta fara ja, a shafa mai, a kiyaye danshin fitsari. Gyambon kwanciya idan ya riga ya zurfafa da wuya ya warke, hana shi fitowa kuwa aikin ilimi ne kawai. Baki yakan bushe ya tsage, harshe ya yi fari, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, a shafa man kaɗanya a leɓe, a ba da maganin fararen ƙurajen. Mai sarƙewar numfashi a jingina shi, a buɗe taga, a riƙa yi masa fifita a fuska, ɗan mofin kaɗan kuma yana rage masa jin kamar ana shaƙe shi. Mai amai da mai shaƙuwar da ta ƙi tsayawa da mai sambatu cikin dare, kowanne akwai ƙwaya mai arha da ke cikin jerin muhimman magungunanmu tun tuni. Wanda fitsari ya riƙe, robar fitsari za ta ba shi sauƙin da zai sa ya yi ta sa albarka.

Rabin aikin kuma ba a jikin majinyaci yake ba, a tsakar gida yake. Mafi nauyinsa shi ne faɗin gaskiya. Al'adarmu ita ce a ɓoye wa mara lafiya, a ce kada a karya masa zuciya, kuma na fahimci tausayin da ke ciki. Amma na ga abin da ɓoyewar ke haifarwa. Ana sayar da gona da shanu da filin da marayu za su gada, a tafi Masar ko Indiya da mutumin da likitocin gida sun san babu sauran abin yi, a dawo da shi a galabaice ko a dawo da gawa. Ana yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, kowa ya karɓi nasa ya ce sammu ne. Shi kuwa majinyacin, mafi yawan lokaci ya riga ya sani, jikinsa ya gaya masa, yana yin shiru ne don ya ga iyalinsa ba sa son maganar, sai kowa ya kwana da nasa kukan shi kaɗai. A haka mutum zai tafi bai yi wasiyya ba, bai faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi ba, bai nemi gafarar ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana ba, bai ce ga wanda zai riƙe masa yara ba. Waɗannan hakkokinsa ne a addini, mu kuma muka tauye masa da sunan tausayi. Faɗin irin wannan magana fasaha ce da ake koya. Ba a jefa ta a tsaye a bakin ƙofa. Ana zama, a tambayi mutum me ya fahimta game da ciwonsa, me yake son sani, wa yake so ya kasance a wurin, a ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka a ranar, wanda kuma ya ce ba ya son ji a girmama shi a yi magana da wanda ya wakilta. Ba mu san ranar kowa ba, ba ma kuma yanke wa kowa kwana, amma muna iya cewa, "Alhaji, ciwon nan ya fi ƙarfin maganin da ke warkarwa, sai dai ba za mu bar ka da zogi ba, kuma ba za mu daina zuwa ba."

Sai rigimar abinci, wadda na ga ta raba 'yan'uwa. Idan ajali ya matso jiki yakan daina neman ci, wannan ɗabi'arsa ce. Mai jinya kuwa tana ganin in bai ci ba ita ta gaza, sai a danne shi a ɗura kunu, ya ƙware, ya shiga huhu. Wani ɗan da ya zo daga birni ya ce lallai sai an yi ƙarin ruwa, a yi ta huda jijiyoyin da suka riga suka ɓace, ruwan kuma ya taru a ƙafa da ƙirji ya ƙara masa wahalar numfashi. A nan malamanmu za su taimaka ƙwarai, domin akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito mai hana tilasta wa marasa lafiya ci da sha. Cokali ɗaya na abin da ransa ke so, da jiƙa baki a kai a kai, ya wadatar. Haka kuma ya kamata a gaya wa iyali tun da wuri abin da za su gani a kwanakin ƙarshe: barci zai yawaita, hannu da ƙafa za su yi sanyi, fitsari zai ragu, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro zai yi kakari saboda majinar da ba ya iya haɗiyewa, wanda ya fi damun masu sauraro fiye da shi kansa, kuma kwantar da shi a gefe yana rage shi. Iyalin da aka shirya ba sa ɗaukar mutum a guje cikin a-daidaita-sahu da tsakar dare ya cika a bakin ƙofar asibiti. Suna zama kusa da shi, su riƙe hannunsa, su laƙanta masa kalmar shahada a hankali ba tare da matsa masa ba, 'yan'uwanmu Kirista kuma su kira fastonsu a kan lokaci.

Bayan an kai shi makwanci ma da sauran ziyara ɗaya. Nas ta je ta yi ta'aziyya, ta karɓi ragowar mofin ta mayar asibiti a rubuta, wanda shi ne amsar masu tsoron kada ya faɗa hannun yara. Ta kuma dubi matar da ta shiga takaba bayan watanni ba ta yi barcin kirki ba, ta auna mata hawan jini, ta tambayi yarinyar nan ko ta koma makaranta.

Abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, bai fi ƙarfin kowace jiha ba. A kowane babban asibiti a ware nas biyu, da likita ɗaya, da mai harhaɗa magunguna ɗaya, a tura su horo, kuma idan sun dawo kada a yi musu canjin wurin aiki bayan wata uku kamar yadda aka saba, horon ya tashi a banza. A ba su kabad mai makulli da littafin rajista da ruwan mofin da ba ya yankewa. An daɗe asibitin da ke son irin waɗannan magunguna sai ya tura mutum har rumbun gwamnatin tarayya da ke Oshodi a Legas, don haka ma'aikatarku ce ya kamata ta tattara buƙatar asibitocinta ta nemo gaba ɗaya, maimakon a bar kowane shugaban asibiti da wahalar. A ba su abin hawa da man da za su kai ziyara gida, da layin waya ɗaya da ake ɗauka dare da rana. Ku zauna da kwamandan NDLEA na jiharku ku fito da takardar shaida, don kada a tsare nas a shingen bincike da kwalbar majinyaci a jakarta. Kuma ku kafa doka a asibitocinku cewa ba a sallamar mai cutar da ba ta warkewa sai da maganin zogi a hannu, da bayani ga mai jinyarsa, da lambar wanda za a kira.

Jami'an lafiya na ƙananan asibitoci su ne suka fi kusa da gidajen, kuma manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya ta 2014 ta riga ta buɗe ƙofar ba su ƙarin aiki idan an horar da su. Juya majinyaci da wankin gyambo da gane zogin da ya kamata a kai gaba duk za su iya. Makarantun jinya na jihohinku su sa wannan darasi a cikin karatu da jarrabawa, domin mu a zamaninmu an koya mana yadda ake shirya gawa amma ba a koya mana yadda ake zama da wanda ke shirin zama gawa ba. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi, da asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, su sa mofin da ziyarar gida cikin abin da suke biya. Shi kuwa izinin nas ta rubuta mofin, na san ba a hannunku yake ba, amma ku ne kuke zama da Minista a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, kuma ku 19 ne. Idan kuka kai maganar da murya ɗaya za a saurare ku. A ƙaramar hukumar da likita ɗaya ke duba dubban mutane, cewa sai likita ya sa hannu daidai yake da cewa babu.

Ba ku kaɗai za ku ɗauka ba. Zuwa dubiya a jininmu yake. Muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da ke yini a asibitoci ba da albashi ba, muna da matan FOMWAN da zumuntar mata ta coci-coci, muna da hukumomin zakka irin na Sakkwato da Kano da za su iya ɗaukar nauyin famfas da sabulu da abincin gidan da mai nemowa ya kwanta. Abin da suka rasa shi ne wanda zai koya musu ya kuma tsara su. Ku kuma tuna da su nas-nas ɗin. Wadda take rufe idon mutum uku a mako tana buƙatar hutu, da abokan aikin da za ta zauna da su ta sauke abin da ke ranta, da alawus ɗin da ke zuwa a kan lokaci, in ba haka ba ita ma za ta bi sahun waɗanda suka tafi Saudiyya da Ingila.

A taronku na gaba da shugabannin asibitoci, ina roƙon kowannenku ya yi tambaya ɗaya: majinyata nawa ne suka karɓi mofin a asibitinka watan jiya, kuma yanzu haka akwai shi a kabad? Amsar za ta nuna muku inda za ku fara. Ku zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya ku gwada kafin a rufe kasafin baɗi. Idan za ku zauna tsara shi, ku gayyato matan da suka yi jinyar mazajensu da iyayensu a gida, su faɗa muku abin da suka rasa da bakinsu. Akwai kuma nas-nas da ungozomomi masu ritaya a kowace jiha da har yanzu da sauran ƙarfinsu, kuma na san da yawanmu za mu amsa kira idan aka neme mu don koyarwa ko rakiyar matasa zuwa gidaje.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya sa mu cika da imani.

Wassalam,
Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya.